Ko da Bai Cece Mu Ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan kuna lafiya. Ni tsohon akawu ne. Na yi shekara 31 ina aiki a wata ma'aikata da ba sai na kira sunanta ba, yanzu kuma ina cin ɗan fanshona. Ban taɓa rubuta wa jarida ba, hannuna ya fi sabawa da jera lambobi a littafin sito, saboda haka in ka ga maganar ta yi ta kewaye, ka yi mini uzuri.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne 'yar yayana. Tana jami'a, shekararta ta biyu. Makonnin baya ta zo gidana ta zauna a bakin kujera, jakarta a kan cinya, ta kasa ko tuɓe takalmi. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinta. Ashe 'yan ajinsu sun haɗa kuɗi za su sayi tambayoyin jarrabawa, ita kuwa ta ce ba ta ciki, aka tambaye ta dalili ta ce ita mai bin Yesu ce. Tun daga ranar suka raɗa mata suna "matar fasto", suka cire ta daga zaurensu na WhatsApp, in ta shigo aji sai wani ya haɗa hannu ya rufe ido yana kwaikwayon addu'a, sauran su bushe da dariya. Ƙawarta da suke ɗaki ɗaya, wadda coci ɗaya ma suke zuwa, ita ce ta fi kowa yi mata faɗa. Sai yarinyar ta ɗago ta ce mini, "Baffa, kai yaya ka yi ka jure?"

Ta tambaye ni ne domin ta tashi tana jin labarina a cikin dangi, ba kuwa a matsayin labarin yabo ba. Ni ne misalin da ake bai wa yara in ana so a ce kada su zama wawaye. Ranar na rasa abin faɗa. Na ce mata ta yi haƙuri, Allah yana nan. Gaskiya ce, amma gaskiya ce mai arha, kowa ma zai iya faɗinta yana kallon agogo. Amsar da ya kamata in ba ta ita ce nake so in rubuta a nan, don na san ba ita kaɗai ba ce a cikin wannan hali.

Zan fara da abin da dangi ba su sani ba. Su dai sun san na ƙi sa hannu a wata takarda. Ba su san cewa karo na farko na sa ba.

Ina shekarata ta tara a aiki, littafin sito yana hannuna. Wata ranar Laraba mota ta kawo tayoyi. A takarda an rubuta 40. Na ƙirga na sami 24. Na sake ƙirgawa, ina taɓa kowace da hannu kamar yaro ɗan aji ɗaya, 24 dai. Oga ya sauko da kansa, abin da bai saba ba, ya dafa kafaɗata ya ce sauran suna hanya, in sa hannu kada a ɓata wa direba lokaci. Na san babu wata taya a hanya. Shi ma ya san na sani. Na sa hannu, na buga hatimi. Ran Juma'a na buɗe aljihun teburina na tarar da ambulan, ba suna ba rubutu. Abin da har yau yake sa ni sunkuyar da kai shi ne, ran Lahadi na cire zakka daga cikin kuɗin na jefa a baiko, wai ko Allah zai karɓi rabonsa ya kau da ido. Ni ne ma na karanta nassi a sujadar ranar.

Wata biyar ina ɗauke da wannan abu. Addu'a ta gagare ni. Nakan durƙusa, in buɗe baki, sai in ga tayoyin nan a jere. Har aka zo Juma'ar tunawa da gicciye, aka karanta Yohanna sura 18. Na sha jin yadda Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, amma ran nan ne kunnena ya kama wani abu: wadda ta fara tambayarsa ba soja ba ce, ba alƙali ba ce, yarinya ce mai tsaron ƙofa. Ba wanda ya zare masa takobi. Mutumin da ya sare kunnen bawan babban firist a daren nan, tambayar baranya ce ta kayar da shi, ya tafi ya tsaya yana jin ɗumin wutar gawayi tare da waɗanda suka kama Maigidansa. Na ce a raina, ai ni ne wannan. Ba a yi mini barazana ba. Kafaɗata kawai aka dafa.

Da aka sake kawo irin takardar, na karanta, na mai da biro aljihu. Muryata tana rawa na ce, "Ranka ya daɗe, abin da na ƙirga shi zan sa wa hannu." Ya dube ni ya yi dariya. Ya ce, "Yaushe ka zama waliyyi? Wancan karon fa? Ka manta kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski?" Na ce ban manta ba, shi ya sa na zo da ladan. Na ajiye masa ambulan ɗin da na yi wata uku ina tarawa daga albashina. Ya tambaye ni wa ya zuga ni. Na ce ba kowa, ni Kirista ne, kuma na gaji da jin kunyar Wanda nake kira Ubangiji. Ya ja aljihun tebur ya tura ambulan ɗin ciki da bayan hannu, ya ce in fita.

Ba a kore ni ba. An yi mini abin da ya fi kora daɗewa. Cikin mako biyu takarda ta fito, an mai da ni ɗakin tsofaffin fayil, can ƙarshen baranda, ba taga, fanka ɗaya mai kuka kamar ana yanka ta. Shekara shida na yi a ɗakin nan. Yaran da na koya wa yadda ake daidaita littafi suka zo suka wuce ni, har na koma ina miƙewa in sun shigo.

Duk wannan da sauƙi, Edita. Wanda ya karya mini zuciya shi ne Yaya.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya biya mini kuɗin makaranta, ya bar nasa karatun don nawa ya ci gaba. Shi ya samo mini aikin, ta hannun wannan ogan, don abokinsa ne. Ya zo gidana da dare, na ba shi kujera ya ƙi zama. Ya ce, "Ni ka kunyata. Kai kaɗai ne Kirista a gidanmu? Mu sauran ba mu san Allah ba ne? Littafi Mai Tsarki ne zai biya wa yaranka kuɗin makaranta?" Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma wannan ba bangaskiya ba ce, taurin kai ne. Da zai fita na ga idonsa ya cika da ƙwalla. Shekara huɗu bai sake taka ƙofata ba.

Wani dattijon ikilisiyarmu ma ya ja ni gefe bayan sujada, ya ce ai Yesu da kansa ya ce mu zama masu wayo kamar macizai. Na girmama furfurarsa na yi shiru, amma ayar tana Matiyu 10:16, kuma ba a nan ta tsaya ba, akwai kurciyoyi marasa ɓarna a ƙarshenta. Dattijon ya yanke wa ayar wutsiya ne don ta shiga aljihu.

Wannan kalma ta taurin kai ta daɗe tana ci na, sai bayan shekaru, da na fara karance-karancen tarihin ikilisiya don koyar da ajin Lahadi, na gane tsohuwar tuhuma ce. Wajen shekara ta 112, wani gwamnan Romawa mai suna Filini, wanda yake mulkin lardin Bitiniya a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu, ya rubuta wa Sarki Tarajan yana neman shawara a kan Kiristoci. Ya bincika ya ga abin da suke yi shi ne taruwa kafin gari ya waye a wata rana da suka keɓe, su yi wa Almasihu waƙa, su yi rantsuwa ba za su yi sata ba, ba za su yi zina ba, ba za su karya alkawari ba, ba za su musanta ajiyar da aka ba su ba in mai ita ya zo karɓa. Duk da haka yana hukunta waɗanda suka ƙi janyewa bayan ya tambaye su sau uku, a ganinsa ko mene ne addinin nasu, wannan kafewar kaɗai ta isa laifi. Na yi murmushi a wajen maganar ajiya. Ashe tun can akwai masu riƙe da littafin sito a cikinmu.

Amma Filini baƙo ne, hukuncinsa na hukuma ne. Abin da nake so 'yar yayana ta gane shi ne, rashin yardar maƙiyi ba ta cika kayar da mai bi ba. In maƙiyi ya zage ka, wani ƙarfi ma kake ji. Wadda take shiga har ɓargo ita ce ta wanda yake ƙaunarka, wanda kake cin bashin alherinsa, wanda kuma in ka duba da idon duniya yana da gaskiya. Yaya bai ƙi ni ba. Tsoro yake ji mini, kuma abin da yake tsoron ya faru.

A shekara ta 203, a birnin Kartaj da ke gefen Tunis ta yau, an tsare wata matashiya mai suna Farfetuwa, shekararta wajen 22, tana shayar da jariri. Ta bar labarin zamanta a kurkuku da bakinta, kuma abin da ya fi cika labarin ba namun jejin da aka jefa ta gabansu ba ne, mahaifinta ne. Tsohon ya yi ta zuwa. Ya zo da fushi, ya zo da lallashi. Ta nuna masa wani tulu ta tambaye shi ko za a iya kiransa da sunan da ba nasa ba, ya ce a'a, ta ce haka ita ma ba za ta iya kiran kanta wani abu ba sai Kirista. Ya dawo ya sumbaci hannuwanta, ya faɗi a ƙafafunta yana kuka, yana roƙonta ta ji tausayin furfurarsa da ɗanta. Ranar shari'a ya zo da jaririn. Da ya matsa, mai shari'a ya sa aka buge shi da sanda, ita kuwa ta ce ta ji zafin kamar ita aka buga. Ba ta taɓa kiran mahaifinta maƙiyin Allah ba. Ta ƙi abin da ya roƙa, tana kuwa jin ciwonsa har ranta. Ni ba a kai ni ko bakin ƙofar abin da ta gani ba, kada wani ya ce tsohon akawu yana gwada kansa da shahidai. Sai dai duk lokacin da na karanta wurin tsohon nan, fuskar Yaya nake gani a bakin ƙofata.

Ubangijinmu ma bai tsira daga wannan ba. Markus 3:21 ta ce danginsa sun fito su kama shi, suna cewa ya zautu. Yohanna 7:5 ta ce ko 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba. Ɗaya daga cikinsu, Yakubu, shi ne daga baya ya zama jigo a ikilisiyar Urushalima, amma wannan sai bayan gicciye da tashi daga matattu. Yesu ya je gicciye bai ji gidansu sun taru sun ce ya yi daidai ba.

Yanzu kuma bari in tona wa kaina wani asirin, don kada yarinyar ta bi sawuna har cikin rami. Shekarata ta farko a ɗakin fayil, na zama mutumin da ni kaina ba zan so zama kusa da shi ba. Na buɗe Littafi Mai Tsarki na shimfiɗa a tsakiyar tebur, ba don karatu ba, don duk wanda ya shigo ya ji a jikinsa. A gaishe ni in amsa da aya. In na ga wani ya sayi sabuwar mota sai in yi tsaki yadda zai ji. Mutane suka fara kauce mini a baranda, ni kuwa ina lissafa wannan a cikin tsananin da nake sha saboda Almasihu, har ina jin daɗinsa. Mai ɗakina ce ta fasa mini ƙurjin. Wani dare ina ta zuba mata labarin yadda kowa ya juya mini baya, tana ninke kayan yara ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Maigida, da farko don Yesu suka guje ka. Yanzu kam don bakinka ne." Na yi fushi kwana biyu. A rana ta uku na buɗe wasiƙar Bitrus ta fari, sura 4 aya 15, inda ya ce kada waninmu ya sha wuya a kan shi mai kisa ne, ko ɓarawo, ko mugu, ko mai shisshigi. Ka ji fa, ya jera mai shisshigi layi ɗaya da mai kisan kai. A sura ta 3 kuma ya ce mu kasance a shirye mu ba da amsa ga mai tambayarmu dalilin begenmu, amma da tawali'u da bangirma. Ga mai tambaya, in ji shi. Ni kuwa ina ta ba da amsa ba wanda ya tambaye ni. Na rufe Littafin na sa a aljihun tebur, inda ambulan ta taɓa kwana, na koma ina ciro shi lokacin hutu kawai.

Abin mamaki, wanda ya riƙe ni a shekarun nan ba ɗan cocinmu ba ne. Wani tsohon masinja ne, addininmu ma ba ɗaya ba. Kullum in ya gama rarraba takardu sai ya shigo ya zauna a kan tarin fayil ya huta. Bai taɓa tambayata abin da ya faru ba, ko da yake masinja ya fi kowa sanin sirrin ofis. Ranar da aka fitar da sunayen ƙarin girma karo na uku babu nawa, ya tarar da ni na kifa kai a tebur. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, Wanda ka ji tsoro yana gani." Ya tashi ya fita. Nakan tuna da Annabi Irmiya da aka jefa a rijiya mai laka, ba ɗan ƙasarsa ne ya fito da shi ba, Ebed-melek ne mutumin Kush, wanda har ya tuna ya jefa masa tsummoki ya sa a hammata kada igiya ta yanke shi. Allah ya jiƙan tsohon nan, tsummokinsa sun yi mini rana.

To, ga wurin da nake da ƙorafi a kan yadda muke wa'azi, ina kuma roƙon fastocinmu su ji ni da kunnen basira. Na shiga ɗakin fayil ina da tabbacin cewa ba da daɗewa ba Allah zai wanke ni a gaban kowa. Haka aka koya mini. Duk shaidar da ake bayarwa a gaban ikilisiya haka take ƙarewa: na ƙi cin hanci, bayan wata uku aka kama ogan, aka ba ni kujerarsa, ku ɗaga hannu ku yabi Ubangiji. Ni ma na zauna jiran nawa wata ukun. Masu binciken kuɗi suka zo sau biyu, suka duba takardu, komai ya daidaita tsaf, don an sami wani ya sa hannun da na ƙi sawa. Ogan ya yi ritaya da mutuncinsa, aka yi masa liyafa, ni ma aka cire gudummawa daga albashina. Na bar aiki ina mataki biyu ƙasa da sa'o'ina. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Dutsen dai na dafa. Romon ne har yau ban ga an zubo ba.

Masu wa'azi suna son labarin Erik Lidel, ɗan tseren Sikotlan da ya ƙi gudun mita 100 a gasar Olamfik ta birnin Faris a 1924 domin zagayen share fage ya faɗo ran Lahadi, ya sha suka, sannan ya shiga mita 400 ya ci zinariya. Nan ake tsayawa a tafa. Ba a cika ƙarasawa a ce ya koma ƙasar Sin aikin bishara, ya mutu a sansanin da sojojin Japan suka tsare su a 1945, yana da shekara 43, iyalinsa suna wata ƙasa. Haka muke yi wa Ibraniyawa sura 11. Muna karanta waɗanda suka rufe bakin zakoki suka kashe ƙarfin wuta, in an kai aya ta 35 zuwa gaba, inda aka yi wa waɗansu ba'a da bulala, aka jajjefe su, aka tsaga su da zarto, sai murya ta yi ƙasa. Alhali marubucin bai raba su gida biyu ba, dukansu ya ce an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. In muka koya wa yaranmu cewa dogara ga Allah ciniki ne, ka ba shi gaskiya ya ba ka ƙarin girma, to ranar da girman ya ƙi zuwa za su ce an cuce su, su tattara su bar mana cocin. Na ga waɗanda suka yi hakan. Ni ma saura ƙiris.

Abin da ya tare ni rabin aya ne a Daniyel sura 3. Nebukadnezzar ya kafa gunkin zinariya a filin Dura, tsayinsa kamu 60, faɗinsa kamu 6, kowa ya faɗi ya yi sujada sai mutum uku. Shadrak da Meshak da Abednego suka ce wa sarki Allahnsu yana da iko ya cece su daga tanderun. Sai suka ƙara da cewa, ko da bai cece su ba, sarki ya sani ba za su bauta wa gunkinsa ba. Mu da muke karantawa mun san ƙarshen labarin. Su ba su sani ba. Lokacin da maganar take fita daga bakinsu, wuta kawai suke gani, kuma amsarsu ƙara mata zafi ta sa aka yi har ninki bakwai. Na rubuta kalmomin nan a bayan wani tsohon katin sito na liƙa a cikin murfin aljihun teburina.

Kada a ɗauka hakan ya sa abin ya yi daɗi. An taɓa koro babban ɗana daga makaranta saboda kuɗi, ya shigo da jakarsa da hantsi ya wuce ni bai ce komai ba, maganar Yaya ta dawo mini daram. Mai ɗakina ta yi ɗinki har idonta ya raunana. Akwai daren da addu'ata ba ta wuce Zabura 73 ba, inda Asaf ya ce ƙafafunsa sun kusa zamewa da ya ga arzikin mugaye, har ya ce ashe a banza ya tsabtace zuciyarsa. Na gode wa Allah da ya bar irin wannan magana a cikin Littafinsa. Ba zan ma ce na sami barci mai daɗi ba, kamar yadda ake so mai gaskiya ya ce. Bashi ya hana ni barci kamar yadda ambulan ta hana ni. Bambancin kawai, a rashin barcin farko na kasa kiran sunan Allah, a na biyun kuwa har faɗa nake yi da shi, ina kuma jin akwai Wanda nake faɗan da shi.

Akwai abu biyu da nake so yarinyar nan ta riƙe, da duk mai irin halinta. Ba'ar da ake yi mata ba sabuwa ba ce. A 1857 an tono wani zane da aka karta a bangon wani gini a tudun Falatin na birnin Roma: mutum a kan gicciye da kan jaki, ga wani a tsaye ya ɗaga hannu, an rubuta da Helenanci cewa Alaksamenos yana yi wa allahnsa sujada. Wani ne ya zauna ya ɓata lokacinsa don a yi wa abokin zamansa dariya, daidai da yaron da yake haɗa hannu in ta shigo aji. Sunan mai zanen ya ɓace. Na wanda aka yi wa ba'ar ne ya rage.

Na biyun ya fi muhimmanci, shi ne kuma dalilin da na fara da tayoyi 24. Wataƙila wata rana ta gaji ta ba da kai. In hakan ta faru, kada Shaiɗan ya ce mata shi ke nan, tunda ta jiƙe ta ƙarasa wankan. A shekara ta 250 Sarki Desiyus ya ba da doka kowa a daular Roma ya miƙa hadaya ga alloli, a ba shi takardar shaida da sa hannun jami'ai. An tono irin takardun nan fiye da 40 a Masar. Kiristoci da yawa sun miƙa hadayar. Waɗansu kuma suka bi ta bayan fage, suka sayi takardar ba tare da sun yi ba, wato takardar ƙarya da sa hannun gaske, sana'ar da na sani sarai. Da ƙura ta lafa suka dawo ƙofar ikilisiya suna kuka. Wani ɓangare a Roma, ƙarƙashin wani dattijon ikilisiya mai suna Nobatiyan, ya ce kada a karɓe su. Amma taron da Bishof Sifiriyan ya jagoranta a Kartaj a 251 ya buɗe musu hanyar dawowa ta tuba, shi kansa Sifiriyan kuwa aka fille masa kai a 258 saboda wannan bangaskiya, don haka ba wanda zai ce sassaucinsa na tsoro ne. Bitrus ma a bakin wata wutar gawayin Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya danƙa masa tumakinsa. Ko bayan wannan, a Antakiya, tsoron idon mutane ya sake kama shi, ya janye daga zama da 'yan'uwa waɗanda ba Yahudawa ba, har Bulus ya tsawata masa a gaban kowa. In manzo ya yi tuntuɓe sau biyu a dutse ɗaya aka kuma ci gaba da aiki da shi, 'yar aji biyu a jami'a ba ta da dalilin fid da rai.

Yaya kuwa, ban taɓa cin nasara a kansa da gardama ba, ban ma sake gwadawa ba. A shekaru huɗun nan kowane ƙarshen wata nakan je in gaishe shi. Wani lokaci ya amsa da kalma ɗaya yana kallon wani wuri, wani lokaci a ce mini yana barci alhali ina jin tarinsa. In zauna kaɗan in tashi. Ranar da ƙaramar 'yata ta kwanta asibiti, da tsakar dare na ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin gado da takardar magani a hannu, ya riga ya biya. Bai ta da tsohuwar maganar ba, ni ma ban tayar ba. Yanzu ya haura 70, yana dogara sanda, kuma har gobe in zancen ya taso a cikin dangi yakan ce ƙanensa mutumin kirki ne amma ba shi da wayo. Na daina jiran ranar da zai canza wannan magana.

Shekaranjiya da dare wayata ta yi ƙara, na ga shi ne. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba ya ce, "Kai ka ɓata mini yarinya. Irin taurin kanka ne ta ɗauko." Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can sai ya ce, "Uwarta ta ce ba ta barci. Ka je ka same ta. Ni ban san abin da zan gaya mata ba."

Ran Asabar zan je, in Allah ya kai mu. In ka samu wuri ka buga wannan kafin ranar, Edita, sai in tafi mata da jaridar, don na fi iya rubutu da magana. Katin siton nan ma yana nan, ya yi ja saboda tsufa, zan sa shi a ciki.

Naku,
Wani tsohon akawu mai karanta jaridarku.